Passat ta daina ƙona DPF duk bayan kilomita 130: ashe tiyo ne

'Yan'uwa, an kama bakin zaren. Motata Volkswagen Passat B7 ta 2012, mai injin dizal 2.0 TDI lamba CFFB, jiya sai da ta ci kilomita 410 kafin ta sake tayar da ƙunar DPF. DPF ita ce matatar da ke kame kunkunniyar hayaƙi a salansa, ƙuna kuwa ita ce lokacin da mota ke ƙone abin da ya taru a cikinta. Wata uku ke nan ba ta wuce 130 zuwa 150. Duk wahalar nan tsaga ce a jikin tiyo wadda tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, kuma ban gan ta ba sai da na sayi abin da motar ba ta buƙata. Ga yadda aka bi, har da inda na ɓace hanya.

Ga alamomin ƙunar. Silo ya hau wajen 1000, fanka ta ci gaba da kuka bayan an kashe mota, ga ƙaurin ƙarfe mai zafi daga ƙasa. Abin da ya fi tayar min da hankali baƙin mai ne. Na yi wa sandar awon mai alama ranar da aka yi juye, bayan kilomita 2000 mai ya haura alamar da kusan milimita 6, yana warin dizal. Kowace ƙuna nozul na ƙara fesa mai a makare don salansa ta kai zafin digiri 600, wani kaso na man yana bin bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Motar da ke ƙuna sau uku a inda ya kamata ta yi sau ɗaya, man nata tsinkewa yake yi tun kafin lokacin juye. Kuma duk wannan babu wutar gargaɗi ko ɗaya a dashbod, babu lambar matsala, ko P2459, lambar yawan ƙuna, da ake tsammani a irin wannan hali ba ta fito ba.

Na fara da abu mai arha. Allurar zafi tana tsaye cak a kan 90, amma kada ku yarda da ita: a motocin Volkswagen an tsara ta ta zauna a 90 tun daga wajen digiri 75 har sama da 100. A VCDS, manhajar kwamfuta ta duba motocin Volkswagen, ruwan yana 71 zuwa 76 a kan babban titi. Da aka buɗe, babu tamostat sam, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji. Wani ya cire shi tun da daɗewa, irin al'adar nan ta garejinmu cewa wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Inji mai sanyi ya fi yin kunkunniya, kuma ƙwaƙwalwar mota tana jinkirta ƙuna ko ta katse ta idan zafi bai kai ba. Na mayar da mai buɗewa a digiri 87, ruwa ya zauna tsakanin 88 da 92. Ƙuna ta riƙa ƙarasawa har ƙarshe, tazara ta tashi daga 130 zuwa 150. Gyara ne da ya wajaba, amma ba shi ne ciwon ba. Masu giyar atomatik ta DSG, ku tuna akwai wani ƙaramin tamostat a layin da ke sanyaya man giya, shi ma yana sa inji ya ƙi ɗaukar zafi ko da babban lafiyarsa ƙalau.

Filtar iska ta sha ƙurar hunturu, an canja. Gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa kowane nozul a silo bai wuce miligiram 0.6 sama ko ƙasa ba, don haka na ƙyale su. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, yana buɗewa yana rufewa, awon iska yana sauka yana hawa tare da shi yadda ya kamata.

Daga nan ne na yi wauta. Na ga adadin kunkunniyar da aka auna yana gudu, sai na yanke hukunci cewa sensan bambancin matsi tsakanin gaba da bayan matata ne ke ƙarya, wanda ake kira G450 ko G505 gwargwadon inji. Naira dubu 68 suka tafi. Aka ɗaura sabo, aka yi masa saiti a kwamfuta, aka busa siraran tiyonsa biyu da iska. Lambobi suka dawo daidai yadda suke da tsohon. Abin haushin shi ne gwajin da zai hana ni wannan asara minti ɗaya ne: a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a duba matsin. Idan yana kan sifiri ko mbar (milibar, ma'aunin matsi) 2 zuwa 3 kusa da shi, sannan yana hawa sumul idan an taka totur, sensa na da lafiya. Tsohon yana nuna 1. Yana nan cikin kwali, lafiyayye, yana min dariya.

Bayan wannan sai na zauna na yi abin da ya kamata tun farko, wato rubuta lambobi daga ƙarshen ƙuna ɗaya zuwa farkon ta gaba. Layuka huɗu kawai nake bi: IDE00434 kunkunniyar lissafi, IDE00435 kunkunniyar awo, IDE00427 bambancin matsi, da IDE00436 kilomita tun ƙunar baya. Bambancin biyun farko shi ne komai. Ta lissafi hasashe ce: ƙwaƙwalwa tana duba man da ta fesa, iskar da aka ce mata ta shiga, gudun inji da zafinsa, ta ce inji lafiyayye zai tara giram kaza. Ta awo kuwa daga matsin da ke tsakanin gaba da bayan matata ake fitar da ita. Duk wadda ta riga kaiwa iyaka, ita ke tayar da ƙuna, kuma a wannan motar iyakar tana wajen giram 24.

Da ƙuna ta ƙare, lissafi yana kan giram 4, awo yana kan 1. A kilomita 60, lissafi 7, awo 12. A kilomita 140, lissafi bai wuce 11 ba, awo ya buga 24, ƙuna ta tashi. Da a ce tare suke hawa, da sai in ce laifin tuƙi ne, gajerun tafiye-tafiye da tsayuwa cikin cunkoso, maganinsa a ba mota titi. Da lissafi ne ke gaba, da sai a nemi abin da ke ruɗa hasashen ko ƙunar da ba ta ƙarasawa. Amma awo ya ninka lissafi, kuma sensa ba ya ƙarya. Saura abu biyu: ko matata ta cika da toka, ko inji na yin hayaƙin da ƙwaƙwalwa ba ta san da shi ba.

A nan mutane da yawa ke sauke DPF su kai wanki, kuma ni ma saura ƙiris. Toka ba ta ƙonewa, ragowar sinadaran baƙin mai ce, tana taruwa a ƙarshen ramukan matata tana cinye wuri, sai kunkunniya kaɗan ta ɗaga matsi da wuri. Motar ta haura kilomita dubu 190, kuma ba na shakkar ta sha man da ba nata ba a baya. Sai dai toka tana barin shaida: matsinta ba ya sauka bayan ƙuna. Na auna minti biyar bayan ƙuna ta kammala, mota a tsaye, inji da zafi. A silo mbar 5, a gudun 2500 mbar 32. Matatar da toka ta shaƙe ba za ta numfasa haka ba. Kenan tana fara zagaye a buɗe, sannan wani abu ya cika ta cikin kilomita 140. Kunkunniya ce ta gaske, daga inji take zuwa.

Mako biyu na yi a wannan gaɓar. Hayaƙi ba a ganinsa, tunda matatar na kame shi, yatsa a bakin salansa fes yake fitowa. Mota na ja da ƙarfinta. Matsin turbo da ake nema da wanda ake samu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu P0299, lambar ƙarancin matsin turbo. Duk wanda na nuna wa sai ya ce nozul, ni kuma ban ga dalilin kwance nozul huɗu da lambobinsu ke da kyau ba.

Abin da ya tona asiri lissafin firamare ne. A giya ta uku, totur a ƙasa, gudun inji 3000, matsin iska a cikin manifol, inda iska ke rabuwa zuwa silinda, yana wajen mbar 2400, zafin iskar digiri 50. Injin cc 1968 ne, kowace silinda cc 492. A wannan matsi da wannan zafi, lita ɗaya ta iska tana da nauyin kusan giram 2.6, don haka ko silinda ta cika maƙil ba za ta ɗauki fiye da miligiram 1270 ba, kuma inji ba ya cika maƙil. Sensan awon iska, MAF, yana cewa 1340 ke wucewa. Ina sauran ke zuwa? Ko MAF na ƙari, ko iska na fita a hanya. A silo, da EGR a rufe, MAF yana ba da wajen 460, daidai da abin da injin zai sha ba tare da turbo ba. Kenan ƙarin yana bayyana ne sai matsi ya hau. Yoyo ne.

Da na gane haka komai ya zauna a mazauninsa. MAF yana gaban turbo, ya riga ya ƙirga iskar kafin ta zube. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka duk ta isa silinda, sai ta saki mai daidai da iskar da babu ita, ta kuma buɗe EGR bisa wannan ƙirgen. Mai ya yi yawa, iskar ta yi kaɗan, kunkunniya ta ƙaru, hasashe kuma yana nan yana lissafin inji lafiyayye. Turbo mai fukafukai masu juyawa ne, yana ƙara matsewa ya cike giɓin, shi ya sa matsi bai faɗi ba kuma lamba ba ta fito ba. Shi ma wahala yake sha a ɓoye.

Gwajin bai ci kuɗi ba. Murfin bututun roba na masu aikin famfo wanda ya yi daidai da bakin tiyon da ke shiga turbo, a huda shi a sa bawul ɗin taya irin na mai faci, a ɗaure da kilif bayan an cire MAF. A toshe tiyon numfashin inji da ke haɗuwa da wannan layi, a buɗe murfin zuba mai don kada iska ta taru a cikin inji ta tura sil. Sai kwamfuresa mai abin daidaita matsi, da ruwan sabulu a gorar feshi. Iska za ta riƙa sulalewa ta bawulolin inji, don haka ba cikawa za a yi a jira ba, ci gaba da ba ta za a yi. Kada matsin ya wuce bar ɗaya, wato mbar 1000. Tiyon gaban turbo ba don matsi aka yi shi ba, zai iya tumɓuke murfin ya harba shi.

A rabin bar, shiru. Na fesa sabulu a kowace mahaɗa, ko kumfa ɗaya babu, har na fara zargin lissafina. Da aka kai 0.9 sai ga wani siririn fito daga ƙasa. Tiyon da ya fito daga intakula (mai sanyaya iskar turbo) zuwa sama, a cikin lanƙwasarsa, ɓangaren da ke kallon inji, inda ido ba ya kaiwa sai an cire murfin ƙasa an kwanta da tocila. Tsagar santimita 3 ce, leɓunanta a haɗe kamar ba komai, sai matsi ya buɗe ta. Kewayenta akwai danshin mai da ƙura ta manne a kai, baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu. Na sha ganin wannan tabon daga sama ina ce masa dattin tsohuwar mota. Duk inda kuka ga mai da ƙura sun yi tabo a jikin tiyon turbo, ku matsa shi da hannu ku lanƙwasa ku gani.

Ban naɗe shi da roba ba, a matsin da ya haura bar ɗaya ga zafi ga mai, faci ba ya kwana. An sa wani tiyon, da sabon zoben roba a mahaɗarsa, aka maimaita gwaji har bar ɗaya, shiru. A titi MAF ya dawo 1130 a daidai inda yake ba da 1340. Sai juyen mai nan take, lita 4.3 na mai lambar VW 507.00, da filtarsa. Kuɗin man ya fi na tiyon ciwo, amma mai ƙarancin toka shi ne abincin motar da ke da DPF, kuma wanda ke ciki ya riga ya zama ruwa.

Zagayen farko bayan gyara: a kilomita 200, lissafi 13, awo 10. A 410, lissafi ne ya kai 24, awo yana 19. Yanzu lissafi ke jan ragama, haka ake so. Wallahi na daɗe ban ji daɗin kallon lambobi irin na jiya ba.

Masu cewa a fasa matatar a goge ta daga ƙwaƙwalwa a huta, da na bi su da tsagar tana nan, turbo na ci gaba da wahala, hayaƙin da matata ke ɓoyewa kuma ya koma fuskar mai babur da ke bayana. Haka masu tilasta ƙuna da kwamfuta duk mako: tana sauke lamba, ba ta taɓa dalili, kuma kowace tana ƙara dizal a cikin mai. Idan kunkunniya ta haura giram 45 ma ba a yin ta, matatar na iya narkewa. Idan dole ta kama, a yi a fili, nesa da busasshiyar ciyawa.

Ban rufe littafin ba tukuna. Zagaye ɗaya ba hujja ba ce, kuma rabinsa a kan babban titi aka yi shi. Ina so in ga uku a jere cikin gari. Akwai kuma batun mai: an ƙera injin nan don dizal ɗin Turai mai sulfa 10 cikin miliyan, mizanin da ECOWAS ta amince da shi 50 ne, abin da ke fitowa daga famfon gidan mai kuma ya danganta da inda aka sha. Don haka zan tsaya a gidan mai ɗaya har zagayen ukun su cika, kada in cakuɗa dalilai. Na sake yi wa sandar awon mai alama, zan duba ta a kilomita 1000. Matsin bayan ƙuna a gudun 2500 shi zan riƙa rubutawa kowane wata. Ranar da ya tashi daga 32 ya doshi 60 ya ƙi sauka, a sauke matata a kai wanki.