Abin da ƙwan mai shayi ya fahimtar da ni game da furotin

Har na shiga aji uku a Jami'ar Bayero, haddar sunayen furotin kawai nake yi: Hsp70, Hsp90, ubikwitin. In zuba a takardar jarrabawa in wuce. Sai wata safiya cikin watan Afrilu, tun hantsi garin ya ɗau zafi, ina zaune wajen mai shayi a Kabuga ina kallon farin ƙwai yana daskarewa a kasko, karatun ya zauna mini. Furotin ɗin da ke cikinsa naɗinsa ne ya warware, ya cakuɗe da na kusa da shi, kuma ko ya huce ba ya komawa ruwa.

Furotin jerin amino asid ne, kamar 'ya'yan carbi, amma ba ya aiki sai ya naɗu daidai, yadda dogon yadi ba ya zama rawani sai an naɗa. Zafi da guba suna iya warware wannan naɗi. To me ya hana ƙwayoyin halittar jikinmu zama kamar ƙwan nan in zazzaɓi ya yi tsanani?

A 1962 wani Ba'italiye, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa in aka ƙara wa ƙudan 'ya'yan itace zafi, wasu sassan gadonsa sukan farka su kama aiki. Daga baya aka gane furotin masu rakiya suke haɗawa, irin su Hsp70, waɗanda ke riƙe wanda ya warware har ya sake naɗuwa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ƙwayar da ta shiga matsi takan rage ƙera sabon furotin domin ta ji da wanda ya lalace. Wanda ya ƙi gyaruwa a liƙa masa wani ƙaramin furotin, ubikwitin, a matsayin shaida, a tura shi furotiyasom, injin niƙa na cikin ƙwayar, ya markaɗe shi, a sake amfani da gutsattsarin kamar kayan 'yan gwangwan. Binciken wannan aiki na ubikwitin ne ya ci kyautar Nobel a 2004.

Ina ba ƙanwata mai sikila wannan labari, sai ta ce, "Yaya, to ni me ya sa nawa jinin ba ya gyaruwa?"

Na daɗe ban ce komai ba. Himogulobin shi ne furotin da ke ɗaukar oksijin a jar ƙwayar jini. A silinsa mai amino asid 146, guda ɗaya tak aka musanya, na shida. In iskar oksijin ta yi ƙasa, sai himogulobin ɗin su manne da juna kamar sanduna, su lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje. Ita kuwa jar ƙwayar jini da ta balaga ba ta da cibiyar gado, ba ta iya ƙera sabo. Lafiyayya takan yi kwana 120, tata da ƙyar ta wuce 20.

Haka na faɗa mata, ban rage komai ba. Ta gyaɗa kai, na miƙa mata gorar ruwa, don rashin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ke tayar mata da ciwon, ga shi kuma damina da sauran lokaci.