Kafin ka ɗauki jari ka nufi bakin iyaka sayen shanu

Ƙannena masu son shiga fataucin dabbobi, kusan dukkanku lissafi ɗaya kuke kawo mini: shanu na araha a Nijar, suna tsada a Legas, abin da ya rage jari kawai. Ni ma da wannan lissafin na shigo, kuma ya ci mini dukiya fiye da yadda cuta ta ci.

Na daɗe ban gane cewa kuɗi biyu nake kasuwanci da su ba. Mutumin da ya koro shanunsa daga Damagaram zuwa Maigatari ranar Alhamis, ko daga Ƙonni zuwa Illela ranar Lahadi, naira zai karɓa a hannunka, amma da sefa yake lissafi a ransa. Kafin ya ce ya sallama, ya riga ya ji ta bakin ɗan canji. Sefa a ɗaure take da yuro, ita kuwa naira yau nan gobe can. Duk ranar da naira ta faɗi, bajimin da ka taya makon jiya ya ƙara kuɗi ba tare da ya ƙara nama ba.

A 2023 na sha wannan darasin. A watan Yuni gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Ni kuma na kai kaya kudu, na raba wa mahauta bashi kamar yadda aka saba, su yanka su sayar sannan su biya. Kuɗin ya riƙa dawowa a gutsure. Da na haɗa a takarda, riba ce ƙarara, har na yi wa iyali hidima daga ciki. Sai da na koma kara, wato kasuwar shanu, na ga cewa uwar kuɗin da ribar gaba ɗaya ba za su saya mini kawunan da na tafi da su ba. Tun daga lokacin, da yawan kawunan shanu nake auna riba. Idan ka tafi da ashirin, ka tambayi kanka ko abin da ya dawo zai sayi ashirin irinsu yau. In bai kai ba, kada ka taɓa ko kwabo da sunan riba. Bashi kuma ka taƙaita kwanakinsa, ko da za ka rage farashi ga mai biya nan take.

Ita kanta iyakar ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. A watan Mayun 2025 kuma Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah, domin layya ta yi wa mutanenta sauƙi. Wanda ya zuba dukan jarinsa a tsallake yana jiran kakar Sallah, sanarwa ɗaya ta ishe shi. Ka bar wani abu a gida, kuma ka san hanyar kasuwannin shanu na cikin gida, irin su Potiskum da Wudil.

Sai sayen ido. Na taɓa ruɗuwa da wani jan sa mai cika ido, ciki ya yi tim, ashe kanwa aka ba shi ya ɗirki ruwa. Kafin mu sauke a kudu ya zube, ƙasusuwan kwankwaso a waje. Yanzu ba na kallon ciki. Ina dafa gindin wutsiya da gadon baya in ji tsoka, in kama tozo, in sa a buɗe baki in ga haƙora da dasashi, in duba tsakanin kofato. Sannan in sa a kora shi ya ɗan yi gudu, in saurara ko zai yi tari. Dabbar da ke tari a kara da wuya ta jure tsayuwar tirela har Legas. Kuɗin mota, 'yan lodi, haraji, dusa da abin da shingayen hanya ke ci, duk ka ɗora su a kan kowace saniya tun kafin ka taya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne rowar la'ada. Na ga kamar dillali da mai masauki cin banza suke yi, na saya kai tsaye a bayan kasuwa wurin wanda ban sani ba, don ya yi mini sauƙi. Saniyar ta fito ta sata. Mai ita ya zo da shaidunsa, ya nuna tambarin da ke jikinta, aka karɓe, ni kuma na yini ina rantsuwa a gaban shugabannin kara. Da ta hannun dillalin da kasuwa ta sani na saya, shi zai nemo wanda ya kawo ta. Ka samu dattijo a kara ka bi shi, ka riƙe masa igiya damina da rani, ka ga yadda farashi ke sauka da bazara in ciyawa ta ƙare makiyaya suna rage garke, kafin ka saka kuɗinka.