Kantin Fitilun Erich

Jumma'a, 3 ga Oktoba 2025, Berlin

Yau hutu ne, shekara 35 cif da haɗewar Jamus. Na sha'afa, sai da na sauka neman burodi na tarar da kantuna a garƙame. A matakala na haɗu da tsohuwar da ke zaune a ƙasan ɗakina, wadda nake kira Oma, wato Kaka. Ta ce in na sauko daga masallaci in raka ta cikin gari, ƙanin marigayi mijinta na jiranta.

Muka sauka kusa da gidan tarihi na Humboldt Forum. Ni abin da na sani a ginin nan shi ne tagullar Benin, wadda Jamus ta mayar wa Nijeriya da mallakarta a 2022. Oma ko kallon ƙofar ba ta yi ba. Ta ɗaga sandarta ta ce, "Ɗana, nan kantin fitilun Erich yake a da." Ashe sunan ba'a ne da mutanen Jamus ta Gabas suka laƙaba wa Palast der Republik, ginin majalisa da aka buɗe a 1976 zamanin shugabansu Erich Honecker, don yawan ƙwayayen lantarkin da aka rataya a zaurensa. An rufe shi a 1990, aka gama rushe shi a 2008. Ta ce su suka fi kowa yi masa dariya, amma ranar da ta ga ana sauke gilasansa sai da ta yi hawaye. Na ce a raina, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A wurin shan shayi ne aka yi ta. Ƙanin mijin nata ya yi wata goma sha huɗu a gidan yari saboda an kama shi yana neman tsallakawa Yamma. Shi kalma ɗaya gare shi a kan Jamus ta Gabas: kurkuku. Ƙasar da ta zagaye Berlin ta Yamma da shingen kilomita 155 daga 1961, aka rasa aƙalla mutum 140 a gindinsa, sannan ta kira shi garkuwar kariya daga 'yan fasist, me za a ce da ita? Oma ta ajiye kofi ta ce, "To, in kurkuku ce, ni mece ce? Fursuna ko gandiroba? Shekara ashirin da biyu ina masana'antar ƙwan lantarki, a nan na yi aure, a nan na haihu." Ita gida take cewa, gidan da rufinsa ke yoyo, mai gidan kuma mafaɗaci mai laɓe a bayan ƙofa.

Da farko na fi karkata gare shi, don shi ke da tabo. Sai na lura kowannensu ya zaɓi kwatancin da zai bar masa wurin zama ne a cikin labarin. In aka ce gida, wata goma sha huɗun nan ya zama rigimar cikin gida da ba a son tonawa. In aka ce kurkuku, shekarun Oma sun tashi a banza.

Abin dariya, akwai kalmar da ta haɗa kansu, sun tsane ta tare: Wende. Ma'anarta shan kwana, kamar na mota, kuma da ita kusan kowa ke kiran sauyin da aka yi a Jamus ta Gabas a 1989. Tsohon ya ce Egon Krenz ne ya yayata ta da ya gaji Honecker a Oktoban shekarar, yana nufin jam'iyya ce ta juya sitiyari. "Wane direba? Mutum 70,000 ne suka fito a Leipzig ranar 9 ga Oktoba suka tare hanya!" Nan na tuna yadda muke ji a rediyo a gida, faɗuwar katangar Berlin, sai ka ce katangar laka ce damina ta ci gindinta.

Oma kuwa haushinta na kan alkawarin da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Kohl ya yi a 1990, cewa Gabas za ta zama ƙasa mai furanni luf-luf. Ta ce furen da ta gani ciyawa ce da ta tsiro a harabar masana'antarsu bayan an sallame su. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce aƙalla ba wanda ya kai rahotonta don ta faɗi haka. Ta harare shi, amma ita ta biya kuɗin shayin.

Da muke dawowa ta tsaya a danja ta nuna mini ɗan koren mutumin nan mai malafa da ke jikin fitilar masu tafiya a ƙasa, ta ce nasu ne na Gabas, shi ba a sallame shi ba. A bakin ƙofarta ta ce in dakata, ta shiga ta fito da rabin burodi a nannaɗe. Shi nake ci yanzu da shayi, ya ɗan yi tauri.