Abin da na tsinta a tsofaffin finafinan yaƙi

Yawancinmu da fim ɗin Umar Mukhtar muka fara, wato Lion of the Desert, tun zamanin kaset ɗin bidiyo, ana kallo ana kabbara. To kwanakin baya da aiki ya ɗan lafa min sai na ɗauki wata ɗabi'a, in dare ya yi an gama hidima in nemo tsohon fim ɗin yaƙi in kalla, amma da sharaɗi guda: kafin in kunna sai na duba shekarar da aka yi shi, waye ya zuba kuɗin, kuma wace ƙasa ce ta hana nuna shi. Wallahi wannan ɗan binciken ya fi cin data amfani, don da shi na gane cewa fim ɗin yaƙi yana ba ka labarin masu yin sa da zamaninsu fiye da labarin yaƙin kansa.

Da na Umar Mukhtar ɗin na sake farawa. Mustafa Akkad ne ya shirya shi, ɗan asalin Siriya, gwamnatin Gaddafi ce ta biya, Anthony Quinn kuma ya fito a matsayin dattijon. Tarihin gaskiya ne, Italiya ta rataye Umar Mukhtar a watan Satumba na 1931 bayan shekaru kusan ashirin yana ba su wuya, kuma sansanonin da suka tsare mutanen Libiya a ciki ba ƙirƙira ba ne. Wurin da mayaƙan ke ɗaure ƙafafunsu da igiya don kada ma zuciya ta raya musu gudu har yanzu yana tayar min da tsikar jiki. Amma in ka san wanda ya biya sai ka lura kowa a ɓangaren namu tas yake kamar an wanke shi, don Gaddafi na son a gan shi a matsayin magajin wannan gwagwarmaya ne. Italiya kuwa hana nuna shi ta yi a 1982 wai ya zubar da mutuncin sojojinta, sai 2009 aka saka shi a talabijin a ƙasar.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne The Battle of Algiers na 1966, baƙi da fari ne, za ka rantse labarai kake kallo ba fim ba. Ɗan Italiya ne ya shirya shi, Gillo Pontecorvo, shekara huɗu kacal bayan Aljeriya ta samu 'yanci, kuma Saadi Yacef wanda da gaske yana cikin jagororin FLN, ƙungiyar da ta yi yaƙin ƙwatar 'yancin ƙasar daga Faransa, a birnin ya fito a ciki. Akwai wurin da mata uku suka cire lulluɓi, aka rage gashi aka yi kwalliya irin ta turawa, suka sa bam a kwando suka wuce shingen sojoji ana ma yi musu murmushi. Kafin bam ɗin ya tashi kyamara sai ta bi fuskokin mutanen da ke shagon ɗaya bayan ɗaya, har da wani ɗan yaro yana lasar askirim. Kuma fim ɗin nan dai shi ya nuna yadda sojojin Faransa ke azabtar da waɗanda suka kama. Mu da muka saba da akta da bos, a nan ba a ba ka wannan sauƙin ba. Faransa ba ta bari an nuna shi ba sai 1971, a 2003 kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta haska wa jami'anta shi lokacin da Iraƙi ta fara yi musu zafi.

The Bridge on the River Kwai na 1957 kuwa ya yi kyau, ba musu, Oska bakwai ya ci, fiton nan nasu ma sai ya kwana a kunnenka. Haushinsa na ji dai. An taƙaita komai kan taurin kan wani kanar ɗin Ingila, alhali leburorin Asiya da Japan ta tilasta wa aikin layin dogon da ya haɗa Thailand da Boma, wanda gadar fim ɗin ke kansa, sun mutu dubbai, sun ninka fursunonin turawan nesa ba kusa ba, amma da ƙyar ka gan su. Nan ne tunanin 'yan Boma ya zo min, kakanninmu da Ingila ta kwasa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan a dazukan Arakan da kwarin Kaladan, da Hausa ma ake magana a tsakanin yawancinsu. Sunayen wurare da rundunonin wancan yaƙin suna nan a barikokinmu, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Burma Camp a Akra, muna wucewa kullum ba ma tambaya. A manyan finafinan Ingila da Amurka na wancan zamanin da na kalla ko inuwarsu ban gani ba.

Sai da na dawo kan Usman Sembene na Senegal sannan na ga sojan Afirka a tsakiyar labari. Camp de Thiaroye, 1988, shi da Thierno Faty Sow suka yi. Sojoji ne da suka yi wa Faransa yaƙin Hitila suka dawo, suka nemi haƙƙinsu da aka riƙe, aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944 a kusa da Dakar. Akwai wani a cikinsu da zaman sansanin Jamus ya taɓa masa hankali har ba ya iya magana, kullum da hular kwanon sojan Jamus a kansa, shi ya fara hango tankokin suna zuwa cikin dare yana ta nuni, 'yan uwansa suka ce ai haukar ce ta motsa. Fim ɗin yana da tsawo kuma a hankali yake tafiya, in kana jin barci bari sai gobe. Ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice amma ya daɗe bai samu shiga sinimomin Faransa ba, hukumomin Faransa na lokacin kisan sun ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da yawa na cewa sun fi haka sosai, kuma sai a 2024, shekara 80 cif, Macron ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne.