Dutin safe a ɗakin mata

Laraba, Jos.

Sanyin yau har cikin ƙashi. Ina karɓar duti abin da aka fara gaya mini shi ne tsohuwar gadon ƙarshe ta hana kowa runtsawa: ihu, fizge robar ƙarin ruwa, har da yakushin wadda ta zo canza mata shimfiɗa. Daga Gangare aka kawo ta da karayar kwatangwalo, santsin banɗaki ya kwashe ta. Ta kuma daɗe da gigin tsufa, irin wanda mutum kan kasa gane 'ya'yan cikinsa. Shawarar da na tarar ita ce a yi mata allurar barci.

Na buɗe fayil ɗinta. An rubuta maganin ciwo, amma wai a ba ta in ta nema. To ta yaya za ta nema? Na ce, "Inna, ina ke miki ciwo?" Sai ta ce in kira mata mahaifiyarta ta zo su tafi gida. A takarda ke nan ba ta taɓa kukan ciwo ba, alhali ƙashi ne a karye.

'Yarta ce ke jinya. Ta ja ni gefe ta ce, "Sista, wallahi Inna ba mafaɗaciya ba ce. In kin ga tana cije leɓe tana murza bakin zani, wani abu ne ke cin ta." Na yarda da ita nan take. Matan zamaninsu ko naƙuda ba sa yi wa ihu, kunya da dauriya suka sha da nono. In irin wannan ta kai ga yakushi, abin ya kai maƙura.

Na ɗauko ma'aunin ciwo na PAINAD, wanda aka fitar a Amurka a 2003 don waɗanda baki ya daina yi musu aiki. Abu biyar ake dubawa: numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, ƙanƙamewar jiki, da ko lallashi na kwantar da mutum. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimla 10. Tana kwance shiru ta samu 3. Da muka zo juya ta sai ta haura 8. Shi ya sa dubawa daga bakin ƙofa ba ta wadatarwa, sai an motsa jikin gaskiya ke fitowa.

Da likita ya zo zagaye na nuna masa. Allah Ya saka masa, bai yi musu ba. Ya mayar da farasitamol kowace awa shida, ko ta nema ko ba ta nema ba, ya rage adadin saboda nauyinta bai kai kilo 50 ba. Ya ƙara da mofin kaɗan, wato maganin ciwo mai ƙarfi, kafin a juya ta, da maganin sassauta ciki tunda mofin na ɗaure bayan gida. 'Yar ta fito da diclofenac da suka saya a kemis, ya ce a ajiye shi, yana taɓa ƙodar tsofaffi, yana kuma iya jawo zubar jini a ciki.

Abin ba a nan kaɗai yake ba. Wani bincike a Amurka a 2000 ya gano masu tsananin gigin tsufa da suka karye a kwatangwalo kashi ɗaya cikin uku suke samu na maganin ciwo mai ƙarfi da ake ba masu cikakken hankali. A Norway kuma a 2011 an yi gwaji a kan tsofaffi 352 masu gigin tsufa, rukunin da aka bi wa ciwo da magani daki-daki fitinarsu ta ragu. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ji an ce tsoho ya cika rigima.

Bayan azahar ta sha rabin kofin kunun gyaɗa, ta bari aka goge mata jiki. Na rubuta makin a fayil, na nuna wa mai karɓa ta yadda za ta auna da dare. Gobe in sha Allahu zan roƙi matiron a buga takardar ma'aunin a liƙa a jikin kowane gadon mai irin wannan larura.