Layin kilomita 33

Jiya na mayar da makullin ɗakin na'urori. Ina kwashe takardu daga durowar ƙasa sai na ci karo da fostar nan da na gabatar da bincikena na girgizar ƙasa da ita a taro, a naɗe, an ɗaure ta da roba, gefenta ya fara yin rawaya. Ban warware ta ba. Duk wanda ya zauna a sashenmu cikin shekaru ukun da suka wuce ya san labarinta, ko in ce ya san yadda aka ba da labarin. Tunda tafiya zan yi, bari in ba da nawa, saboda waɗanda za su gaji kujerar.

Aikin da aka ba ni a digiri na biyu shi ne girgizar ƙasa a yankin Tonga, a kudu maso yammacin Tekun Fasifik. Ba ɗalibin da za a ba wannan yanki ya yi ƙorafi. A nan ne farantin Fasifik, ɗaya daga cikin manyan ɓallayen dutsen da suka lulluɓe duniya suna motsi a hankali, yake nutsewa ƙarƙashin gefen na Ostireliya, kuma a bakin arewa an auna saurin haɗuwarsu ya kai kusan santimita 24 a shekara, alhali tsakiyar Tekun Atlantika tana buɗewa ne da kusan santimita 2 da rabi. Mafi yawan girgiza masu zurfin gaske a duniya daga nan suke fitowa, wasu har kusa da kilomita 700 a ƙasa. Da bayanan Tonga ne masana Jack Oliver da Bryan Isacks suka nuna a 1967 cewa akwai wani ɓallin dutse mai sanyi da tauri da ya kutsa can cikin mantil, wato kaurin dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa, sannan a 1968 suka haɗu da Lynn Sykes suka ɗaure maganar da sauran duniya. Kun san zanen: nisa a kwance, zurfi a tsaye, kowace girgiza ɗigo ɗaya. Ɗigon sukan jeru su gangara kamar tsanin da aka jingina da bango, kuma tsanin nan shi ne farantin da kansa.

Wata rana da daddare, ni kaɗai a ɗakin, na zuba bayanan shekaru masu yawa a kan zanen. Tsanin ya fito yadda aka saba. Amma a samansa sai ga wani abu da ban taɓa gani a littafi ba: layi a kwance, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, ya ratsa zanen daga wannan gefe zuwa wancan, daidai zurfin kilomita 33. Ɗigon sun yi cincirindo a kansa har sun zama baƙi wuluk. Na tashi na zagaya tebur, na dawo na sake zana shi da wani ma'auni. Yana nan. Ban yi barci ba a daren.

Da safe na kai wa Farfesa, mai duba aikina. Ya cire tabarau, ya kai takardar kusa da fuska, ya daɗe yana kallo.

"Wa kika nuna wa?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To kada ki nuna. Wannan ai takarda ce guda."

A wannan zaman muka ƙirƙiro bayani. Muka ce wataƙila wata iyaka ce a ƙarƙashin tsibiran, inda duwatsu suke sauya hali su riƙa tsagewa a zurfi ɗaya. Lambar ma ta yi mana daɗi, domin kaurin ɓawon ƙasa a nahiyoyi yakan faɗa tsakanin kilomita 30 da 40. Ya ce in rubuta taƙaitaccen bayani don babban taron shekara, ya gyara jimla biyu, ya sa sunansa a gaba, nawa a baya. Ban ji komai ba a lokacin. Ni dai na ga kaina a sama.

Laifina zan fara faɗa, kuma ba ƙarami ba ne. Lokacin da na sauko da kundin girgizar, manhajar da nake zane da ita ta ƙi karɓar fayil ɗin saboda akwai haruffa a tsakanin lambobi. Cikin minti ɗaya na goge duk wani jeri mai harafi, na bar rana da wuri da zurfi da ƙarfi. A cikin abin da na goge akwai wani siririn jeri kusa da lambar zurfi, wanda a wasu layuka babu komai a cikinsa, a wasu kuma akwai ƙaramin harafin f. Ban tambayi kowa ma'anarsa ba. Bayan haka, alamu sun yi ta yi min magana ina toshe kunne. Layin ya zarce har gabas da kwarin tekun da farantin yake fara nutsewa a cikinsa, kan farantin Fasifik, inda kaurin ɓawon bai wuce kusan kilomita 7 ba, wato bayaninmu ba shi da wurin zama a can. Akwai kuma wani layi mai rauni a kilomita 10 wanda na ce hayaniya ce na yi banza da shi. Mafi muni, lambobin ba 32.6 ko 33.4 ba ne. Dukkansu 33.0 ne cif. Ƙasa ba ta aiki da rula, kuma na san haka tun ajin farko.

A taron, ina tsaye gaban fosta, Farfesa yana gefe yana gaisawa da mutane, sai wani dattijo ya tsaya. Bai karanta rubutun ba, zanen kawai ya kalla. Ya sa ɗan yatsa a kan layin, ya tambaye ni a hankali ko na cire girgizar da aka ba su zurfin cike-gurbi. Na ce ban gane ba. Ya dube ni da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo, ya yi min bayani cikin jimla uku, mutum huɗu ko biyar suna saurare.

Ga abin da ya faɗa, a faɗaɗe, don kada wani ya sake jin sa a tsaye gaban jama'a. Gano inda girgiza ta faru a taswira ba shi da wuya idan tashoshin auna girgiza sun kewaye ta. Zurfi ne matsala. Idan duk tashoshin suna nesa, kamar yadda yake a tsakiyar teku, igiyoyin girgizar da suke kai musu duk ƙasa suke nufa daga wurin girgizar. Igiyar P, wadda ita ce take fara isa tasha, tana tafiyar kusan kilomita 6 a daƙiƙa a cikin ɓawo, kusan 8 a saman mantil. Don haka idan ka ƙara wa girgizar zurfin kilomita 10, ka kuma jinkirta lokacin faruwarta da daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, lissafin zai fito kusan iri ɗaya a dukkan tashoshin. Kwamfuta ba za ta iya raba zurfi da lokaci ba. Idan haka ta faru, masu haɗa kundi sukan ɗaure zurfin a wata lamba da aka amince da ita, su sa alama a gefe don kowa ya sani cewa ba aunawa aka yi ba. Shekaru da yawa lambar ita ce 33, wadda ta samo asali daga jadawalin lokacin tafiyar igiyoyi na Harold Jeffreys da Keith Bullen na 1940, inda aka ɗauki kaurin ɓawon ƙasa a haka. Daga baya wasu suka koma 10, wasu 35. Abin da na gano ba ya cikin ƙasa. Yana cikin ofishin da aka buga kundin, kuma masu kundin sun faɗa min da bakinsu a jerin da na goge.

Har zuwa nan kunya ce kawai, kuma tawa ce. Sai Farfesa ya matso, ya yi 'yar dariya, ya ce wa dattijon aikin ɗaliba ne, shi ma ya sha gaya mata ta sake duba zurfin. Bai taɓa faɗa ba, ko sau ɗaya. Na juya na dube shi, bai dube ni ba. Da yamma na same shi na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe ka ce in duba?" Ya ce, "Ke kika kawo min zanen ko ni na kawo miki?" Magana ta ƙare.

Da muka dawo, labarin ya zama abin koyarwa. Kowace shekara yakan ba sababbin ɗalibai shi a darasin farko, ba ya faɗin suna, amma sashen ƙarami ne kuma mace ɗaya ce ke aikin Tonga. A yadda yake bayarwa, shi ne wanda ya yi gargaɗi aka ƙi ji. Wata ƙawata, don ta lallashe ni, ta kawo min labarin Marie Tharp, wadda a 1952 ta gano kwarin da ya tsaga tsaunukan tsakiyar Atlantika, abokin aikinta Bruce Heezen ya fara watsar da maganar, sannan da aka zo bugawa a 1956 sunayen maza ne suka fito. Na gode mata, amma na ce ba ɗaya ba ne. Ita gaskiya ta gano aka karɓe mata, ni kuskure muka yi mu biyu aka bar min shi ni kaɗai.

Wanda ya ɗaga ni shi ne Baba mai kula da na'urori, mutumin da ba shi da digirin da zai sa a gayyace shi taro. Bayan mako biyu ina ɓuya, ya leƙo ya ce, "'Yata, zo ki ga wani abu." Ya shimfiɗa tsohuwar takardar sizmomita, na'urar da ke zana motsin ƙasa, a kan tebur, ya danne gefenta da kofin fensir. Ya nuna min inda allura ta fara karkarwa, isowar P. Sai ya bi da bakin fensir gaba kaɗan, ya tsaya a wani wuri da layin ya sake zabura. Ya ce wannan ita ce pP: igiyar da ta fara hawa sama daga wurin girgizar, ta bugi doron ƙasa, ta dawo ta bi sawun ta farko. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce zurfin, ba ruwanta da agogon kowa. Girgizar da ke kusa da kilomita 33 tazararta kusan daƙiƙa 10 ce, ta kilomita 100 kusan daƙiƙa 25, ta kilomita 600 kuwa sai ka jira kusan minti 2. Ya kuma gargaɗe ni cewa a ƙarƙashin teku akwai wata da take bugun saman ruwa ta dawo, tana biye da pP kamar inuwa, kuma ta sha yaudarar waɗanda suka fi ni.

Wata bakwai na yi ina karanta igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Layin ya narke a idona. Wasu ɗigon suka hau sama, wasu suka gangara suka koma kan tsanin inda ya kamata su kasance tun farko, wasu kuma masu yawa na rubuta a gabansu cewa ba a san zurfinsu ba, na bar su haka. Kundin digirina ya fito siriri, babu wani sabon abu a ciki da zai sa a juyo. Amma jadawalin da ke bayansa shi ne ɗalibai uku suke aiki da shi yanzu, kuma shi Farfesa ya yi amfani da shi a takardarsa ta bara. Sunana yana can ƙasa, a wurin godiya, tare da na wanda ya gyara firinta.

A watannin nan ne na fahimci irin sana'ar da muka shiga. Rami mafi zurfi da aka haƙa a tsaye, na Kola a Rasha, ya tsaya a mita 12,262, alhali daga nan zuwa cibiyar duniya kusan kilomita 6,371 ne. Duk sauran, daga iyakar ɓawo da mantil da Andrija Mohorovičić ya gano a 1909 har ruwan ƙarfen da ke farawa a kusan kilomita 2,900, ba wanda ya gan su. Daga lokacin isowar igiyoyi aka lissafo su. A daren da na ga layina, Inge Lehmann ce ta faɗo min a rai, wadda a 1936 ta ga wasu raunanan igiyoyi a inda bai kamata su iso ba, ta ce lallai akwai wata cibiya a cikin cibiyar. Abin da na manta shi ne ita ta zauna ta karanta takardun na'ura da idonta. Ni jadawalin da wani ya riga ya tace na ɗauka, na ƙara tace shi.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ku karanta bayanin kowane jeri kafin ku goge shi, kuma ku ajiye asalin fayil ɗin inda hannunku ba zai kai da sauri ba. Kafin ku yarda da zurfi, ku ƙirga sau nawa kowace lamba ta maimaitu. Ku daina cewa farantai suna yawo a kan narkakken dutse, domin igiyar S, wadda take isowa bayan P, tana ratsa mantil kuma ba ta ratsa ruwa. Mantil dutse ne mai tauri da yake malala a hankali cikin miliyoyin shekaru. Ku duba agogon tasha kafin ku zargi ƙasa. Bayan kowane zama da mai duba aikinku, ku aika masa da imel mai layi uku na abin da aka ce da wanda ya ce, ko da ya ga kamar rashin yarda ne. Ku gaida Baba, ku kuma tambaye shi kafin ku tambayi kowa.

Jadawalin yana kan kwamfutar da ke kusa da taga, jerin alamomin yana nan a cike, na ma sa masa jan launi. Fostar kuwa na mayar da ita durowar ƙasa na rufe. Sunansa ne na farko a kanta, don haka ban ga dalilin da zai sa ni in ɗauke ta ba.