Godiya bayan ziyarar matan zuri'armu zuwa Damagaram

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, matan zuri'armu da suka tashi daga Maradi ranar Asabar bayan sallar asuba sun dawo ranar Lahadi kafin magariba, tun daga Kaka har tattaɓa-kunnenta na goye, kowa lafiya lau. Mu da aka ɗora wa shirya tafiyar muke miƙa wannan godiya. Da yake gidaje da yawa sun kira suna tambayar yadda aka yi, za mu haɗa da bayani.

Godiya ta farko ga Kaka da su Gwaggo, da suka yarda suka bar ɗakunansu. Da ƙafarsu aka auna komai: lokacin tashi, wurin tsayawa, har gishirin miya. Sai mazajenmu da suka ba da izini suka kuma riƙe yara maza, da Kawu da ya raka mu a matsayin muharrami bai taɓa cewa a yi sauri ba.

Inna mai riƙon asusu, Allah ya saka da alheri. Wata shida kowace matar aure tana zuba jika biyu, ba a karɓi ko dala daga tsofaffi da 'yan mata ba. Ta kasa kuɗin uku: na mota, na abinci, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓa shi sai don magani ko gyaran mota. Duk abin da ya fita yana cikin littafi.

Direbobinmu biyu sun cancanci yabo. Ga mai son yin shatar mota, a gama magana tun a tasha: kuɗin ya haɗa da mai, da kuɗin hanya, da kwanan direba da abincinsa, ko bai haɗa ba? Inda aka bar wannan a buɗe, a bakin hanya ake rigimarsa. A ga tayar ajiya da ido, a taɓa ta a ji akwai iska. Mu talatin ne har da yara, mota ɗaya ba ta isa ba, biyu kuma ta bar wurin miƙe ƙafa, kuma da gangan aka yi haka. Tsohuwa ba ta zama kujerar baya, don a kan taya take, duk ramin da aka faɗa a ƙugunta zai sauka. Layin bayan direba, kusa da ƙofa, shi ne nata. Kowace babba ta riƙe katin ɗan ƙasa a jakar hannu, ba cikin akwatin da aka ɗaure a saman mota ba, yara kuma da takardar haihuwa, saboda shingayen jami'an tsaro.

Hanyar kusan kilomita 240 ce, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. A Tasawa aka yi babban tsayi, wajen rabin hanya ke nan, kuma muna gode wa gidan 'yar'uwarmu da ke aure can, da suka tanadi kewaye mai tsabta da butoci cike. Karin kumallo ma can aka yi shi. Yaron da aka cika wa ciki da fura da nono kafin mota ta tashi, ba ya kai Agye bai mayar ba. Shayi da ɗan burodi sun isa har a tsaya.

Masu masaukinmu na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba mu san da bakin da za mu gode muku ba. Kowa ya san ruwa abin tattali ne a Damagaram, amma kuka karɓi mutum talatin fuska a sake. Mun zo da jarka takwas masu lita 25, sha da alwala kawai suka ɗauka. Na wanka da wanke-wanke sai da aka yi magana da 'yan garuwa kwana biyu kafin isowarmu, aka cika randuna da duro. Wanda ya jira sai ya sauka sannan ya nemi ruwa, zai saya da tsada, ko ya ɗora wa masu gida nauyin da kunya ba za ta bari su faɗa ba.

'Yan matanmu su suka riƙe madafa, sun kuma fitar da mu kunya. Tiya biyu ta shinkafa na ciyar da mutum talatin sau ɗaya, in akwai yara a ciki. An soya nama da kayan miya tun daren Juma'a, don ɗanyen nama ba ya jure wannan tafiya. An ware ƙaramar tukunya mai ƙarancin gishiri da mai don masu hawan jini, da tuwon gero mai laushi don dare. Faranti kuwa uku aka yi, ba biyu ba: na tsofaffi, na 'ya'yan gida, da na matan da aka auro. Suruka ba za ta buɗe baki ta ci a gaban uwar mijinta ba. In aka haɗa su, za ta ce ta ƙoshi, ta kwana da yunwa.

Ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya ta tattara maganin kowace tsohuwa cikin leda daban, da suna da lokacin sha a rubuce, ta zo da na'urar awon jini da ta sukari. Ta kuma tuna da abin da kowa ya manta: kujerar roba don sallar masu ciwon gwiwa, da bargo ga kowace tsohuwa, don sanyin hunturu ya fi cizo gab da asuba.

Muna gode wa dogaran fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da suka zagaya da mu da yammacin Asabar cikin haƙuri. Ana sanar da su tun kafin a zo, ana cire takalmi inda aka ce, hoto kuma sai an tambaya. A nan 'yan lakwal ɗinmu suka ga da idonsu ragowar ganuwar Sarki Tanimun da suke karantawa, suka kuma ji daga bakin Gwaggo cewa garin nan ne babban birnin ƙasar har 1926, kafin a koma Yamai. Lungunan Birni matsattsu ne, ga duwatsu, don haka Kaka ta tsaya a inuwar ƙofar fada tana tsokanar jikoki.

Ranar Lahadi da hantsi aka leƙa kasuwar Miriya, kilomita 18 daga gari, aka yi tsaraba. Ƙarfe goma sha biyu aka kama hanya, ko da wasu ba su gama ciniki ba, don kada dare ya riske mu da tsofaffi a mota.

Kuɗin ko-ta-kwana ya yi saura, yana hannun Inna, za a karanta lissafi a taron gida na wata mai zuwa. Akwai kuma mayafi shuɗi da takalmin yaro ƙafa ɗaya da aka tsinta a mota ta biyu, mai su ta aiko gidan Gwaggo. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya bar zumunci. Amin.

Daga masu shirya tafiyar, Maradi.